Yadda ake kula da jan naman da ke fitowa a gefen idon manyan karnuka, ba tare da an yanke shi ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan rubutun na masu ajiye manyan karnukan gadi ne, irin su Kane Koso, Bowabol, Rotwaila, Mastif da Giret Den, waɗanda yanzu sun cika gidaje da gonaki a Abuja da Kaduna da Jos har ma da Kano. Kana zaune lafiya da kwikwiyonka, ya ci ya sha ya yi wasa da daddare, gari na wayewa sai ka ga wani jan nama mai santsi kamar ƙwayar wake ko ɗan ƙaramin tumatir ya leƙo a kusurwar idonsa ta wajen hanci, duk wanda ya gani sai ya ce ƙari ne ko an soke shi da wani abu. Likitocin dabbobi suna ce masa ceri ai, wato idon ceri, saboda ya yi kama da wani ɗan jan ɗan itace na ƙasashen Turawa, ka riƙe sunan domin shi za ka faɗa a asibiti a gane ka nan take.

Ni abin ya taɓa ci na shi ya sa nake magana da zafi. Kwikwiyata ta farko Kane Koso tana wata 7 abin ya fito mata, wani mai bi gida-gida yana yi wa karnuka allura ya ce min ai wannan aikin minti biyar ne, ya yanke, washegari ido ya yi fes na yi ta murna. Bayan kamar shekara biyu idon ya fara bushewa, kullum kwantsa mai kauri mai yauƙi, baƙin idon ya dusashe, yanzu safe da yamma sai na sa mata magani kuma haka za mu yi ta yi har ƙarshen rayuwarta. Toh dan Allah ka karanta a tsanake kafin wani ya kusanto karenka da almakashi.

Mataki na 1: Ka fara sanin mene ne ya fito

Kare fatar ido uku gare shi. Akwai ta sama, akwai ta ƙasa, sannan akwai ta ukun da ke ɓoye a kusurwar ido ta wajen hanci, ita ce kake ganin tana ɗan rufe ido kamar labule in kare yana gyangyaɗi. A cikinta akwai ɗan guringuntsi mai siffar harafin T da ke riƙe ta, a gindin guringuntsin kuma akwai wata 'yar tsoka mai tsatso hawaye, bari mu kira ta tsokar hawaye, ita kaɗai tana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan hawayen idon. Wani siririn zaren nama ne ya ɗaure ta a ƙasa inda ba a ganinta, in zaren ya zama mai rauni sai ta zame ta fito ta zauna a bakin fatar ido ta ukun, iska da ƙura su yi ta dukanta ta kumbura ta yi ja. Shi ke nan abin da kake gani, gaɓa ce mai amfani ta bar mazauninta.

Mafi yawa matasan karnuka yake kamawa, 'yan ƙasa da shekara 2, da yawa ma kafin su cika shekara. Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar a 2022, wanda ya duba bayanan karnuka sama da 900,000 a Birtaniya, ya nuna Mastif ɗin Napoli ne a kan gaba wajen kamuwa, sai Buldog ɗin Ingila, Kane Koso ma yana sahun farko. Akwai ƙananan karnuka da suke yi, amma mu nan manyan ne a hannunmu. Ba ya yaɗuwa daga kare zuwa kare, ba ya kama mutum, ba abinci ne ya jawo ba kuma ba kambun baka ba ne, alamu sun fi nuna gado ne da yanayin ƙirar fuskar karen. Kuma ka sa a ranka cewa in ya fito a ido ɗaya, ɗayan ma yana iya biyo baya bayan makonni ko watanni.

Mataki na 2: Ka duba da kyau, don ba kowane ja a ido ne shi ba

Ka sami mutum ɗaya da karen ya saba da shi ya riƙe maka, in karen mai zafi ne a sa masa takunkumi, ko da naka ne ka raine shi tun yana ƙarami, ciwon ido yana sa kare ya kai cizo ba da niyya ba. Ka wanke hannu da sabulu, ku je wuri mai haske, ka ɗauki hoto da wayarka kusa-kusa sannan ka ɗauki wani daga nesa da zai nuna ido biyun. Hoton nan yana da amfani sosai, domin a farko-farko naman yana fitowa ya koma da kansa, sai ka kai kare asibiti a ga ido lafiya ƙalau ka rasa abin nunawa.

Ceri ai na gaskiya yana kusurwar wajen hanci, zagayayye ne ko mai siffar ƙwai, ruwan hoda ko ja, mai santsi, kuma a kwanakin farko yawanci karen yana buɗe idonsa normal yana harkarsa. A manyan karnuka musamman Giret Den akwai wata matsala mai kama da shi, guringuntsin nan ne yake lanƙwashewa ya naɗe waje kamar gefen tabarma, sai bakin fatar ido ta ukun ya juye, wani lokacin ma su haɗu biyu a ido ɗaya, kuma gyaran kowanne daban ne. In kuwa tsohon kare ne mai shekara 8 ko 9 da bai taɓa yin wannan ba sai yanzu wani nama ya tsiro masa a wurin, wannan a bincika ƙari tukuna. Jaman Shefad kuma suna da wani ciwo nasu da ke sa fatar ido ta ukun ta yi kauri ta yi gudaji-gudaji, shi magani ake sawa. Kaga kenan ido kawai ba zai raba maka su ba.

Akwai alamun da in ka gani ranar za ka tafi asibiti ba gobe ba: kare ya runtse ido ya ƙi buɗewa, baƙin idon ya yi fari-fari ko shuɗi kamar hazo, jini na fita, kwantsa ruwan ɗorawa ko kore tana zuba, ko ƙwayar idon gaba ɗaya ta fi ɗayar girma. In babu ko ɗaya cikinsu kana da 'yan kwanaki na shiri, amma fa kwanaki nake nufi, domin duk daɗewar tsokar a waje tana ƙara bushewa da kumburi, hawayen da take bayarwa yana raguwa, aikin mayar da ita kuma yana ƙara wuya.

Mataki na 3: Abin da za ka yi a gida kafin ganin likita

Na farko ka hana shi susa. Kare mai kilo 40 ko 50 in ya sa farcensa sau ɗaya a ido ko ya goga fuska a siminti, ƙaramar matsala ta zama babba. Ka sa masa kwalar roba mai kamar mazurari, ana samu a shagunan kayan dabbobi, ka tabbata bakinta ya ɗan wuce tsinin hancinsa in ba haka ba ƙafar baya za ta kai. In ba ka samu ba, bokitin roba mara nauyi ma yana yi, ka yanke gindinsa daidai wuya, ka naɗe bakin yankan da tsumma da salatif don kar ya yanke shi, ka huda ramuka ka ɗaure a jikin kwalar wuyansa, ka bar wurin da yatsu biyu za su shiga.

Na biyu tsafta da danshi. Ka sayi ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa a kemis, ka jiƙa auduga mai tsafta ka goge kwantsar daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Sai ka sa hawayen roba, wato maganin ɗigawa na bushewar ido wanda ba komai a ciki sai danshi, sau 3 zuwa 4 a rana. In lokacin hunturu ne ka matsar da kejinsa daga inda iska ke kaɗo ƙura, ka yayyafa ruwa kafin a yi shara, kar a ƙona bola kusa da shi, kuma a daina fita da shi a bayan mota kansa a waje.

Wasu suna tambaya ko ana iya mayar da naman da hannu. Eh a ranar farko ko ta biyu wani lokacin yana komawa: ka jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi irin wanda bayan hannunka zai jure, ka ɗora a kan rufaffen ido kamar minti 5, ka ɗiga hawayen roba, sannan ta kan fatar ido a rufe ka ɗan shafa da tafin babban yatsa a hankali zuwa ƙasa ta wajen hanci. Kar ka taɓa naman kai tsaye, kar ka danna ƙwayar ido, in ka gwada sau biyu bai koma ba ko karen ya nuna zafi ka bari. Ko ya koma ma zaren da ya saki yana nan a sake, galibi sai ya ƙara fitowa, don haka kar ka fasa zuwa asibiti.

Yanzu abin da ba a yi, nan ne mutanenmu suke ɓata ido wallahi. Kar ka sa kwalli ko tozali, kar ka sa ruwan sikari ko ruwan albasa ko zuma ko nono ko wani ganye da aka daka, duk abin da ake gwadawa lokacin ciwon ido na Afolo ka bar shi can. Kar ka ɗauko ragowar maganin idon wani a gida, musamman masu ɗauke da deksametazon ko betametazon ko firednisolon, ka karanta jikin kwalbar, irin waɗannan in akwai ƙujewa a baƙin ido suna hana ta warkewa har ido ya iya hujewa, kuma ƙujewar ba a ganinta da ido sai an yi gwaji. Sannan kar ka ba kare ibufurofen ko daiklofenak, suna yi masa gyambon ciki su lalata ƙoda, farasitamol ma kar ka ba shi da ka sai likita ya auna. Ɗaure naman da zare don ya bushe ya faɗi kuwa azabtarwa ce tsantsa.

Mataki na 4: A asibiti, me za ka nema me za ka tambaya

Ka nemi likitan dabbobi mai rajista, wanda yake da wurin tiyata da kayan sa barci. In kana kusa da asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za ka iya farawa da su, a manyan birane kuma akwai asibitoci masu zaman kansu. Ka je da katin rigakafinsa da hotunan da ka ɗauka da duk wani magani da ka riga ka sa, kar ka ɓoye komai ko da ka san kuskure ne.

Gwaji biyu nake so ka tabbata an yi. Ɗaya gwajin hawaye ne da ake kira Shirma, 'yar siririyar takarda ce mai ma'auni ake maƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti 1 a ga inda ta jiƙe, milimita 15 zuwa sama lafiya ne, ƙasa da 10 ido ya riga ya bushe. Ka rubuta lambar ka ajiye, ita za a riƙa kwatantawa nan gaba. Na biyu wani rini ne ake ɗigawa, in akwai ƙujewa a baƙin ido sai wurin ya kama kore. Ka kuma roƙi a duba jini kafin tiyata, domin a nan ƙasar kaska ta yi wa karnukanmu yawa, cututtukan da take sawa suna rage jini suna kuma hana shi daskarewa da wuri, gara a gano a yi magani kafin a sa wuƙa.

Daga nan sai babbar tambaya, ka yi ta kai tsaye cikin ladabi: likita, mayarwa za a yi ko cirewa? A da can cirewa ake yi har a ƙasashen Turai da Amurka, daga baya aka lura karnukan da aka cire wa sun fi kamuwa da bushewar ido, shi ya sa aka koma mayarwa. Hanyar da aka fi yi ita ce ta aljihu, ana ce mata hanyar Mogan, tun 1993 aka bayyana ta: likita zai yi 'yar tsaga biyu a bayan fatar ido ta ukun, ɗaya gaban tsokar ɗaya bayanta, ya tura tsokar ciki ya ɗinke bakin tsagar a kanta da siririn zare mai narkewa, ya bar 'yar kafa a gefe biyu don hawaye ya riƙa fita. Ɗaya hanyar kuma ɗaure tsokar ake da zare a jikin nama mai ƙarfi na gefen ƙashin ido. A manyan karnuka irin Mastif da Kane Koso abin ya fi saurin dawowa bayan aiki, don haka wasu likitocin suna haɗa hanya biyun, in guringuntsin ya lanƙwashe kuma su gyara shi a lokaci ɗaya. Ka tambaya wacce zai yi, ya saba yinta, kuma in ya dawo yaya za a yi da kuɗin aiki na biyu, ku gama wannan maganar tun kafin a fara.

Na san cirewa ta fi arha ta fi sauri, kuma na san halin da aljihu yake ciki. Amma ka lissafa da ni: bushewar ido ba ta warkewa, maganinta irin su saiklosforin, wanda ake sayarwa da sunan Optimmune, ko takrolimus, kullum ne sau biyu har abada, ba ko'ina ake samunsu ba kuma ba su da arha, in aka yi sakaci baƙin ido ya rine ya toshe kare ya daina gani. Karen gadi da ba ya gani kuma ai ka san abin da ya rage. Inda cirewa take da hujja shi ne in ƙari ne ya kama tsokar, wannan kuma likita ne zai faɗa bayan bincike.

Mataki na 5: Ranar aiki

Za a ce ka hana shi abinci, yawanci awa 8 zuwa 12, ƙananan kwiyakwiyi ba sa kai haka, ka bi abin da aka faɗa maka har da maganar ruwa. Ka gaya wa duk mutanen gida da mai gadi, don wani cikin tausayi kar ya jefa masa ƙashi da asuba. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi, masu gajeren hanci irin Buldog da Mastif zafi da maganin barci suna wahalar da numfashinsu. Ka tafi da kwalar mazurarin a sa masa tun kafin ya farfaɗo.

Mataki na 6: Jinya, nan ne aikin yake tsayawa ko ya lalace

Mako biyun farko su ne komai. Kwalar nan ba a cire ta dare da rana na kwana 10 zuwa 14 ko yadda likita ya ce, zai yi ta karo da bango yana kuka yana kallonka, ka daure, dare ɗaya na tausayi ya isa ya tsinke ɗinkin. In kwanon abinci ba ya shiga ka ɗora shi a kan bulo ko ka sa ƙaramin kwano. Ka raba shi da sauran karnuka, ba kokawa ba guje-guje ba tonon ƙasa, fita sai da igiya don ya yi bayan gida ya dawo, kuma igiyar a ɗaura a ƙirji ta fi sarƙar da ke shaƙe wuya. Wanka ma a dakata.

Yadda nake ɗiga magani ni kaɗai: in sa shi ya zauna bayansa a kusurwar bango, in tsaya ta gefensa ko bayansa, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa in ɗaga kan sama kaɗan, hannun da ke riƙe da kwalba in jingina shi a goshinsa yadda in ya motsa hannuna zai bi shi, in ɗan ja fatar ido ta sama in ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ba. Ta gaba in ka zo masa da kwalba zai kauce. In magani biyu ne ka bar minti 5 tsakani, na ruwa a fara mai maiƙo a ƙarshe. Kana gamawa ka ba shi ɗan nama, kwana uku zai fara zuwa da kansa. Ka sa ƙararrawa a waya, kuma ka ƙarasa kwanakin da aka rubuta ko ido ya yi kyau.

Kumburi da ja da 'yar kwantsa a makon farko ba abin tsoro ba ne, wurin yana iya ɗaukar mako biyu ko fiye kafin ya kwanta sosai. Abin da zai sa ka koma da gudu shi ne ya fara runtse ido yana zubar da hawaye sosai, wannan yana iya zama ƙullin zare ne ke gogar baƙin ido, ko ka ga hazo a idon, ko naman ya sake fitowa, ko bayan makonni wani ƙullutu mai ruwa ya taso a wurin ɗinkin. In ya sake fitowa kar ka karaya ka ce a yanke kawai, ana sake mayarwa kuma ana dacewa. Karena na biyu sai da aka yi masa sau biyu a idon hagu, yau shekararsa 4 idonsa garau.

Mataki na 7: Bayan ya warke

Ka riƙa leƙa ɗaya idon kullum lokacin ba shi abinci. Ka sa a maimaita gwajin hawayen nan bayan wata ɗaya ko biyu, sannan duk shekara lokacin da ka kai shi rigakafin haukan kare, domin irin karnukan da ke yin ceri ai wasunsu suna da saurin bushewar ido ko an mayar da tsokar daidai. Kwantsa mai kauri da ke dawowa bayan ka goge, da ido da ya daina sheƙi, su ne alamun farko.

Masu haɗa karnuka barbara don sayar da 'ya'ya, ina roƙonku ku cire wanda ya yi wannan ciwon daga layin haihuwa, mace ko namiji, tunda alamu sun nuna ana gadonsa. Kai kuma mai saye, ka nemi ganin uwar da uban ido da ido, ka tambaya ko an taɓa yi wa ɗayansu aikin ido, kuma kafin ka biya kuɗin kwikwiyo ka kai shi likitan da kai ka zaɓa ya ɗaga fatar ido ta ukun ya duba ko an taɓa yanka wurin. In an riga an cire wa naka kamar tawa, toh ka fara gwajin hawaye tun yanzu duk wata 6, ka ajiye hawayen roba a gida musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin ƙura, kuma ranar da lambar ta fara sauka ƙasa da 15 ka zauna da likita a kan maganin da za a fara.